Wace manhajar karanta allo zan sa wa ƙanina a kwamfuta?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ƙanina ne idonsa ya tafi gaba ɗaya, ga shi yana son komawa karatu. Yana da laftof mai Windows 11. Wace manhaja zan sa masa da za ta riƙa karanta masa abin da ke allo, kuma ta ina ake farawa?

Malam Idi: Wa'alaikumus salam. Allah ya sa kaffara ce. NVDA za ki sa masa, kyauta ce. Ki sauke ta daga shafin NV Access, masu yin ta, kai tsaye, ban da wanda wani zai turo miki a waya.

Auwal: Anti, kafin ma ki sauke komai, ya danna Ctrl da maɓallin Windows da Enter a tare. Narrator, wani mai karanta allo, zai fara magana nan take, dama yana cikin Windows ɗin. Da shi zai iya lalubo hanya har ya sauke NVDA da kansa.

Baba Garba: 'Yata, ki tsaya ki karanta nawa da kyau, don na sha wuya a kan wannan abu. Lokacin da nawa idon ya rufe, wani mai gyaran kwamfuta aka kai wa tawa. Ya sa NVDA, ta yi magana a gabanmu, kowa ya yi hamdala. Ashe bai girka ta a cikin kwamfutar ba, kwafin nan da ake yawo da shi a filashi ya ajiye mini. Na kashe na sake kunnawa, shiru. Ina zaune gaban wurin sa kalmar sirri, ban sani ba ko ta gama tashi ko ba ta gama ba. Sai na jira wani mai ido ya shigo. Ranar da aka buɗe mini kuma, duk sanda Windows ta fito da tagar neman izini sai muryar ta ɗauke, domin wannan kwafin ba ya karanta irin waɗannan tagogi. Abin da ya fi ci mini rai, da linzami ya yi komai daga farko har ƙarshe, hannuna bai taɓa maɓalli ko ɗaya ba. Saboda haka idan kin buɗe fayil ɗin NVDA da kika sauke, zai fara magana da kansa, ya ba ku zaɓi. Ku zaɓi girkawa a kwamfutar, ku tabbatar an amince ta yi aiki tun daga wurin sa kalmar sirri, kuma ta riƙa tashi da kanta bayan an shiga. Sannan ki naɗe hannunki. Shi zai danna Tab, shi zai danna Enter, ke ki zauna gefe. Kada ki tashi sai ya kashe kwamfutar ya kunna ta, ya shiga, ya buɗe wani rubutu, duk ba ki taɓa ba.

Maman Hanifa: Allah sarki Baba. Na gode, Allah ya ƙara lafiya.

Auwal: Baba, ai ko a wurin kalmar sirrin Narrator yana tashi da waɗancan maɓallan uku.

Baba Garba: Yanzu na sani, ɗana. A lokacin wa ya gaya mini?

Hajiya Binta: Tunda laftof ce, a tagar farko da za ta yi muku maraba ku zaɓi tsarin maɓallan laftof, ku kuma amince Caps Lock ya zama maɓallin NVDA, wato wanda ake haɗawa da wasu maɓallan a ba ta umarni, wanda a asali Insert ne. Wasu laftof ɗin Insert ɗinsu a ɓoye yake, sai an haɗa da Fn. Idan ya danna maɓallin NVDA da 1, duk abin da ya taɓa za ta faɗa masa sunansa da aikinsa ba tare da ta aiwatar ba. Ya sake dannawa ya fita. Da wannan nake fara koyar da kowa.

Sadiq: Ni dai wata manhajar karanta allon, JAWS, nake amfani da ita a wurin aiki, kuma a Excel ban ga kamarta ba.

Malam Idi: Sadiq, yaro ne mai farawa. JAWS ta kuɗi ce, idan babu lasisi minti 40 take aiki sai an sake kunna kwamfuta.

Sadiq: Ban ce ya saya yau ba, Malam. Amma ya san da ita, wata rana zai tarar da ita a ofis.

Malam Idi: Waɗanda suka fara NVDA a 2006, Michael Curran da James Teh, su kansu makafi ne 'yan Ostareliya. Sun san inda yake mana ƙaiƙayi.

Sadiq: Wannan ba hujja ba ce a kan Excel.

Hajiya Binta: Ku biyun nan kun fara ko? Duk wadda aka sa, kada a bar biyu suna tashi tare. Ku kashe Narrator da zarar NVDA ta kama, in ba haka ba murya biyu za su yi ta hawa kan juna.

Zainab: Maganar murya fa. Ku bar masa ta Windows OneCore, ta fi daɗin ji. Ɗaya muryar, eSpeak, kamar ana magana cikin gwangwani.

Auwal: Haba Zainab, eSpeak ce ba ta haɗiye harafi ko an ƙure gudu. Ki ba ta lokaci kunnenki zai saba.

Zainab: Kai ka saba. Mai farawa a rage masa gudu tukuna.

Baba Garba: A nan ina bayan Zainab. Kuma a koya masa Ctrl tun ranar farko, shi ne ke sa ta yin shiru. Ctrl da Alt da N kuma su tashe ta idan ta maƙale. Iyafis mai waya ya fi masa a yanzu, na Bluetooth caji yana ƙarewa mutum ya koma cikin shiru.

Maman Hanifa: To ni da zan zauna gefe, idan tana sauri ban fahimta ba fa?

Hajiya Binta: Maɓallin NVDA da N zai buɗe jerin zaɓinta. A ƙarƙashin Tools akwai Speech Viewer, yana rubuta duk abin da ta faɗa a wata 'yar taga, sai ki riƙa bi da ido. In ya shiga intanet, H na tsallaka shi daga kanu zuwa kanu, K daga mahaɗi zuwa mahaɗi.

Sadiq: Littattafan karatun nasa fa? Idan PDF ɗin hoto aka ɗauka, ba abin da za ta karanta.

Auwal: Maɓallin NVDA da R yana gane rubutun da ke cikin hoto, amma abin da ke kan allo a lokacin kawai. Littafi guda sai an nemi wata hanya.

Zainab: Tunda an zo nan, wa ya san yadda ake hana ta karanta kowane harafi idan ina rubutu? Ta ishe ni.

Malam Idi: Maɓallin NVDA da 2. Da 3 kuma na kalmomi ne.

Sadiq: Malam, ka buɗe babban fayil na Excel tukuna, sai mu ci gaba da maganarmu.