Batirin diril ɗina ya ƙi jan aiki, a taimaka

Salam 'yan uwa, don Allah masu gyaran lantarki ku agaza min. Ina da tsohon diril mai 18V da nake aikin kafinta da shi, injin lafiya ƙalau amma batirin ya mutu murus, ko ya kwana a caji sukuru biyu zan ɗaura ya tsaya. Na buɗe na tarar da batura 15 na NiCd (wani tsohon nau'in batiri mai caji), kowanne 1.2V, biyu har sun fitar da farin gari. Sai na ciro baturan lithium na tsohuwar laftop, irin waɗanda ake kira 18650 ɗin nan, guda 5 na jera su da dalma, na sa BMS (ɗan allon lantarki mai kare batiri, da ke yanke wuta idan nauyi ya yi yawa) mai 20A, mita ta nuna kusan 21V, diril ɗin ya juya kamar sabo wallahi har na fara murna. To da na danna shi a katakon maɗaci sai ya ɗauke ɗif, sai na ɗan jira sannan ya dawo. BMS ɗin ne ya yi kaɗan ko baturan laftop ne ba sa ɗaukar nauyi? Sannan an ce kar na kuskura na sa tsohuwar cajar, wai tana iya ta da gobara, wace iri zan saya? Aikin ƙofofi na jira na ranar Asabar.