Jinyar mai mummunan rauni a ƙwaƙwalwa bayan an sallame shi daga asibiti

Maman Hanifa: Assalamu alaikum. Idan aka sallamo wanda ya bugu a ka, musamman masu hatsarin babur, jinyar takan koma kan mace ɗaya, uwa ko mata. Masana, me ya kamata ta sani?

Nas Ladi: Wa alaikumus salam. Idan ba ya iya juya kansa, juyi tukuna, duk awa 2, dare da rana: dama, rigingine, hagu. A sa filo tsakanin gwiwoyi, wani a ƙarƙashin ƙafa don duddugai su bar katifa. Kullum a duba kugu, kwatangwalo da duddugai. A baƙar fata gyambon kwanciya ba da ja yake farawa ba, wurin yakan ƙara duhu, ya yi ɗumi ko tauri. Kar a murza, kar a shafa man zafi, a dai daina kwantar da shi ta wannan ɓangaren.

Baban Khalifa: Ladi ta yi gaskiya. Sai abinci. Idan da robar hanci yake ci, wato wadda ake zurawa ta hanci zuwa ciki, a ta da kan gado kamar digiri 30 zuwa 45, a bar shi haka aƙalla minti 30 bayan an gama. A wanke robar da ruwa kamar mililita 30 kafin ci da bayansa, in ba haka ba kunu ya toshe ta. In ta zame ko ta fita, a dakatar da ci har nas ta duba. Ɗura rubutu ko koko a bakin wanda ba ya iya haɗiya kuwa, huhu yake wucewa, daga nan sai limoniya.

Anti Rabi: Raunin ka yakan iya kawo jijjiga, idan an sa shi kan maganin farfaɗiya ba a yanke shi rana tsaka. In jijjiga ta zo, a kwantar da shi ta gefe, ban da cusa cokali a baki. Ta wuce minti 5, sai asibiti.

Kawu Sani: Ku dai kar ku manta da ita kanta mai jinyar. Wadda ke tashi duk awa 2 ba za ta jure wata guda ba. Dangi su raba dare a rubuce, a manna a bango, a koya wa mutum uku juyi da ciyarwa. 'Yan dubiya kuma, sannu ba ta wanke zanen gado, a zo da famfas ko a karɓe ta ta samu barci.

Nas Ladi: Haka ne, Kawu. A kuma gaya mata tun wuri, zagi da saurin fushin da zai iya yi daga raunin ne, ba ƙiyayya ba.