Me za mu kira "sond" ɗin ruwan inji da Hausa?

Assalamu alaikum ƴan uwa masu garaji da masu tuƙi. A nan Maradi kowa "sond" yake cewa, kalmar Faransanci, waɗanda suka koyi aiki a Katsina ko Kano kuma su ce "sensa". Aron kalma ba laifi ba ne, da aro muka samu mota da lagireto. Abin da ke damuna shi ne abubuwa uku daban muke kira da sunan nan guda, kuma in maigida ya aiki yaro wurin masu kayan gyara ya ce a kawo sond, wanda hannun mai shago ya fara kaiwa gare shi ake ba shi.

A tsofaffin motoci akwai mai waya ɗaya, aikinsa kawai motsa allurar da direba ke gani gabansa. Akwai wanda ke tada fanka in ruwa ya yi zafi. Sai na uku, mai waya biyu, wanda ake ɗaurawa kusa da inda ruwa ke fita daga kan inji, shi ke faɗa wa ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, zafin ruwan. Wannan na ukun nake nema wa suna, don shi ne ke sa mota shan mai in ya lalace.

Wani ɗan uwa ya ce a kira shi "ma'aunin zafi". Na so hakan, amma sunan yana da mai shi, domin in ka ce ma'aunin zafi hankalin mutum zai tafi ga allura, ko ga abin da likita ke sa wa yaro a hamata. Wani ya kawo "mai jin zafi". Wannan kam ba zai yiwu ba, ga Bahaushe mai jin zafi shi ne wanda ciwo ke damu. "Na'urar gano zafin ruwa" daidai ne a takarda, amma ba bakaniken da zai faɗe shi yana kwance ƙarƙashin mota.

Ni dai shawarata "magwajin zafin ruwa", a taƙaice magwaji. Kalma ce tamu tun da, daga gwadawa, kuma ta dace da aikinsa: yana gwadawa ne ya kai labari, ba ya nuna wa kowa komai. Sai mu bar wa allura ma'auni, na fanka kuma mu ce makunnin fanka.

In kun yarda da sunan, ga yadda ake gane lafiyarsa, don an sha canja shi ba laifinsa. Ƙwaƙwalwar mota tana aika masa wuta volt 5. A cikinsa akwai wani ɗan abu da ke tare wutar sosai in ruwa da sanyi, yana sakinta in ruwa ya yi zafi. In ka zare soket ka sa mita a ƙafafunsa biyu don auna yadda yake tare wuta, wanda ake ƙirgawa da om, a yawancin motoci irin su Toyota za ka ga tsakanin om 2,000 da 3,000 in zafi digiri 20 ne, in ruwa ya kai digiri 80 kuma ya sauko wajen om 300. Amma a lura, digiri 20 sai da safiyar hunturu muke ganinsa a nan. A watan Afrilu, mota ta wuni a rana, adadin zai yi ƙasa da haka ko ba a tada inji ba, kuma wannan ba lalacewa ba ce. Abin dubawa shi ne lambar ta riƙa sauka a hankali yayin da inji ke ɗaukar zafi, ba tsalle ba yankewa.

Mai kwamfutar duba mota aikinsa ya fi sauƙi. Da sassafe, kafin a tada inji, ka kwatanta zafin ruwa da zafin iskar da inji ke shaƙa. Motar da ta kwana a ajiye, su biyun kusan ɗaya ya kamata su nuna. In ka ga ruwa na nuna digiri 40 ƙasa da sifiri, tare da lambar matsala P0118 a kwamfutar, to waya ce ta tsinke, ko soket ya yi tsatsa, ko magwajin ya mutu daga ciki. P0117 kuma akasin haka ne, wayoyi sun haɗe, ƙwaƙwalwa na ganin zafi ya wuce iyaka. A fara duba soket da waya tukuna, ƙurarmu da zafin inji suna cin robarsu.

Magwajin da ke ƙarya yana cewa ruwa da sanyi shi ya fi cutar da mai mota. Ƙwaƙwalwa sai ta ƙara mai kamar yanzu aka tada inji, salansa ta yi baƙin hayaƙi, fulogi su yi baƙi ƙirin, in ka kashe motar da zafi ta yi ta gardamar tashi. Motoci da yawa kuma in sun rasa labarinsa gaba ɗaya sai su bar fanka tana ta juyawa ba tsayawa.

Akwai abu biyu da ke sa a zarge shi a banza. In ruwa ya ragu ko iska ta maƙale, bakin magwajin ba ya cikin ruwa, abin da zai faɗa ba daidai ba ne. Na biyun kuwa al'adarmu ce ta cire tamostat, abin da ke hana ruwa zuwa lagireto sai inji ya yi zafi, wai don ƙasarmu da zafi. Ruwan sai ya daɗe bai kai zafin aiki ba, musamman a doguwar hanya irin ta Damagaram lokacin sanyi, mota ta yi ta shan mai, wani lokaci har P0128, lambar da ke nuna ruwa bai kai zafin aiki ba, ta fito. Magwajin gaskiya ya faɗa, kuma ko sabo ka ɗaura haka zai faɗa. Wanda zai kwance magwajin kuma, don Allah ya bari inji ya huce, ruwan yana fitowa da ƙarfi.

Malamai da dattawan sana'a, in akwai sunan da kuka gada wanda ya fi magwaji, ku kawo mu ji.