Na haɗa Video Codec SDK, amma AppEncCuda ya ƙi tashi

Ɗalibin Manhaja:
Assalamu alaikum. Ina rubuta manhajar da za ta matse bidiyon darussa ta amfani da NVENC, wato sashen matse bidiyo da ke cikin katin hoto na NVIDIA, domin idan na bar wa CPU aikin, kwamfutar tana kwana a kai. Katin hotona GTX 1660 ne, a kan Ubuntu 22.04. Na sauke Video Codec SDK 12.2 (kayan NVIDIA na rubuta manhajar da ke amfani da NVENC), na girka CUDA Toolkit da CMake, misalan da ke ciki kuma duk sun haɗu lafiya. Amma da zarar na kunna AppEncCuda, ɗaya daga cikin misalan, sai ya ce direban da nake da shi (manhajar da ke sarrafa katin) bai dace da wannan zubin na NvEncodeAPI (hanyar da manhaja ke bi ta yi magana da NVENC) ba. Umarnin nvidia-smi ya nuna zubin direbana 535 ne. Don Allah, a ina na kuskure?

Tsohon Injiniya:
Wa alaikumus salam. Malam, haɗin naka daidai yake. Abin da ke ruɗa mutane da yawa shi ne, kayan da ka sauke galibi fayilolin kai (header files) ne, irin su nvEncodeAPI.h, da misalai da takardun bayani, amma ainihin abin da ke magana da katin, wato libnvidia-encode.so, tare da direba yake zuwa. Shi ya sa haɗawa take wucewa sumul, matsalar ba ta bayyana sai lokacin kunnawa, sa'ad da manhajar ta tambayi direba iyakar zubin da ya sani. Zubi na 12.2 yana buƙatar direba 550 ko sama a Linux. Ko dai ka ɗaga direban, ko ka koma 12.1, wanda 535 ya ishe shi. Idan wasu za ka raba wa manhajar, ni na fi son komawa baya, domin ba kowa ne zai iya sabunta direbansa ba. A lambarka ma, ka fara kiran NvEncodeAPIGetMaxSupportedVersion kafin ka buɗe komai.

Mai Tace Bidiyo:
Ƙari a kan bayanin Injiniya: AppEncCuda ba ya karɓar MP4, ɗanyen YUV yake so, wato bidiyon da ba a matse ba, kuma dole ka gaya masa faɗi da tsawon hoton. Ka yanko daƙiƙa goma kawai da FFmpeg (manhajar sauya bidiyo), saboda hoto ɗaya na 1080p ya haura megabait 3, minti guda a kan hotuna 30 a daƙiƙa kuwa ya wuce gigabait 5. Na taɓa cika faifaina da wannan kuskuren. Katinka zai yi tsarin matsewa na H.264 da HEVC, amma matsewa da tsarin AV1 sai daga jerin RTX 40.

Ɗalibin Manhaja:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Na koma 12.1, na gwada da gajeren YUV, fayil ɗin H.264 ya fito nan take. Yanzu zan shiga gwada HEVC.