Na yi rajista a shafin ƙungiyar likitoci, amma sunana bai fito a bincike ba

Sabon Likita, Yawuri

Assalamu alaikum, manyanmu da abokan aiki. Ina roƙon a fitar da ni daga duhu kan wani al'amari da ya hana ni sakat tun makon jiya. Na kammala karatun likitanci a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, na yi shekarata ta horon aiki a asibiti, na samu cikakkiyar rajista daga hukumar da ke kula da aikin likitoci ta ƙasa, wato MDCN, na yi hidimar ƙasa, kuma watana huɗu ke nan da kama aiki a nan Yawuri. Wani babba a wurin aikinmu ya shawarce ni da in shigar da sunana a shafin intanet na ƙungiyar likitoci ta ƙasa, wato NMA, domin idan taro ko kwas ya taso akan iya neman shaidar cewa mutum ɗan ƙungiya ne. Da yake wayata ba ta iya ɗora manyan takardu, sai na tafi wani shagon kwamfuta kusa da tasha, na miƙa wa yaron shagon takarduna, kafin ya fara aka kira ni asibiti saboda wata mai naƙuda. Da na dawo bayan la'asar ya ce an gama, ya ba ni takarda guda da ya buga, na biya shi ladan aikinsa.

Da dare na buɗe shafin, na rubuta cikakken sunana a akwatin bincike, bai nuna komai ba. Na gwada da sunan mahaifina kaɗai, sai ga wasu tsofaffin labarai da ba su shafe ni ba. Na so in shiga ɓangaren 'yan ƙungiya in duba da idona, sai na tuna ban san adireshin imel ɗin da yaron ya sa ba, balle kalmar sirri. Shin rashin ganin sunana yana nufin rajistar ba ta shiga ba? Kuma idan ba ta shiga ba, hakan zai taɓa lasisina na aiki?

Tsohon Hannu, Birnin Kebbi

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka kwantar da hankalinka, lasisinka yana nan lafiya lau, domin ka haɗa ƙofofi biyu ne da ba gida ɗaya suke shiga ba. MDCN hukuma ce ta gwamnati wadda asalinta ya faro daga dokar 1963, ita ke riƙe da rajistar likitoci da likitocin haƙori, ita ta ba ka lambar foliyo, wato lambar da aka san ka da ita a kundinta, kuma ita ke da ikon ba ka lasisi ko ta dakatar da kai. NMA kuwa ƙungiya ce ta masu sana'a, wadda ta faro a 1951 a matsayin reshen ƙungiyar likitocin Birtaniya kafin ta tsaya da ƙafarta, kuma tana da reshe a kowace jiha da Abuja. Aikinta kare mutuncin sana'a da haƙƙin 'ya'yanta ne, ba ta ba kowa izinin duba maras lafiya. Saboda haka ko da shafinta bai san da zamanka ba, babu mai hana ka shiga ɗakin tiyata gobe da safe.

Ba laifinka ba ne da ka ruɗe, domin akwai igiyar da ta ɗaure su. Dokar da ta kafa hukumar ta tanadi cewa a raba kuɗin lasisin da muke biya duk shekara, kashi 70 cikin 100 ga ƙungiya, kashi 30 ga hukuma. Da yawa daga cikinmu sun yi shekaru suna biya ba su san da wannan ba.

Abin da nake so ka sa wa ido shi ne sabunta lasisi kafin 31 ga Disamba, domin wanda ya makara yakan biya tara. Ana yin sa ne a shafin hukumar, ta hanyar Remita, manhajar biyan kuɗi ga gwamnati, inda za a fitar maka da lambar RRR mai alƙaluma 12 ka biya da ita a banki ko ta waya. Ana kuma bukatar maki 20 na ƙarin ilimi a shekara, abin da muke kira CPD, saboda haka kada ka riƙa jefar da takardun shaidar halartar taruka a aljihun mota. Ni ina da jakar roba guda da nake tara su tun daga Janairu, tare da kowane rasit.

Game da ƙungiya kuwa, ra'ayina shi ne ka fara da mutum kafin na'ura. Ka nemi sakataren reshen jiha, ka gabatar da kanka, ka tabbatar an sa ka cikin jerin likitocin da ke aiki a Kebbi, ka kuma dubi takardar albashinka ka ga ko ana cire kuɗin ƙungiya, domin a wuraren gwamnati da dama daga nan ake cirewa. Ranar da aka riƙe maka alawus ko aka yi maka canjin wurin aiki ba bisa ƙa'ida ba, wanda ya san fuskarka ne zai tsaya maka.

Likitar Yara, Argungu

Yallaɓai ya warware rabin farko, bari in taɓa batun binciken, domin ni ma na taɓa faɗawa wannan rami. Dakta, a galibin shafukan ƙungiyoyi akwatin binciken da ka gani yana lalube ne cikin labarai da sanarwa da maƙalun da aka wallafa a fili. Ba ya leƙa rumbun da ke ɗauke da bayanan 'yan ƙungiya, kuma haka ya dace, domin a can ne lambar wayarka da hotonka da wurin aikinka suke. Tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan, kuma ko babu doka, a halin tsaron da yankinmu yake ciki ba na jin akwai likitan da zai so kowane baƙo ya rubuta sunansa ya ga garin da yake kwana. Alamar da ke nuna rajista ta shiga ita ce saƙon tabbatarwa da akan aika wa imel, da kuma iya shiga da kalmar sirri ka ga bayananka.

Idan kuwa takarda kake nema, akwai dabarun da suka rage mini wahala. Shafin da Turanci yake, saboda haka da kalmar Turanci za ka nema, kuma kalma ɗaya ko biyu sun fi doguwar jimla kamawa. Wani lokaci na kwashe kusan sa'a guda ina neman wata sanarwar bayan taro da na tabbata na taɓa karantawa, ashe an ɗauki hoton takardar ne da sa hannu da hatimi aka ɗora, kuma na'ura ba ta karanta rubutun da ke cikin hoto sai an bi ta wata hanya ta musamman. Da na rubuta shekarar da sunan garin da aka yi taron, sai ga ta, domin su ne ke cikin kanun. Idan akwatin ya gaza, ka je Google ka rubuta site: haɗe da adireshin shafin ba tare da tazara ba, sannan kalmar da kake nema, zai tsaya cikin wannan shafin kaɗai. Binciken ilimi kuma ya fi sauƙi a shafin mujallar ƙungiyar, Nigerian Medical Journal, ko a PubMed, rumbun maƙalun likitanci na intanet.

Ka kuma kula da adireshi kafin ka biya ko sisi. Na hukumar MDCN yana ƙarewa da gov.ng, kuma duk wanda ya turo maka lambar asusun wani mutum ta WhatsApp da sunan sabunta lasisi, ka san ba hanya ba ce.

Ɗan Zuru

Da girmamawa ga Yallaɓai, ban yarda a mayar da shafin baya ba. Wanda ke Birnin Kebbi yana iya haɗuwa da sakatare a masallacin Juma'a, amma Dakta yana Yawuri, sai ya bi ta Koko da Jega kafin ya iso, kuma a asibitin da likitoci ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, tafiyar yini guda tana nufin an bar marasa lafiya a kan benci. Irinmu ne rajistar intanet ta fi yi wa amfani.

Kuskuren da na gani shi ne barin yaron shago ya sa imel ɗin da ba naka ba. Duk ranar da ka manta kalmar sirri, can za a aika hanyar sabunta ta, wato mabuɗin ɗakinka yana aljihun wani. Ka koma da kanka ka zauna kusa da shi, ku shiga tare, ka canza imel da lambar waya zuwa naka, ka sa sabuwar kalmar sirri da hannunka, sannan ka sa ya goge hotunan takardunka daga kwamfutarsa a gabanka. Ka dubi yadda ya rubuta sunanka harafi bayan harafi, ya zama daidai da na takardar rajistarka ta hukuma.

Sabon Likita, Yawuri

Allah ya saka wa kowa da alheri. Na koma shagon yau da safe kafin zagayen marasa lafiya. Yaron ya buɗe wani littafin makaranta inda yake rubuta bayanan masu zuwa wurinsa, ashe imel ɗin shagon ya sa, kuma saƙon tabbatarwa yana kwance a ciki kwana shida ba wanda ya taɓa shi. Mun latsa, na shiga, na mayar da komai nawa. Ɗan Zuru ya yi gaskiya a kan suna: ya rubuta Mohammed a inda takarduna ke da Muhammad, ya kuma sa sunan mahaifina a gurbin sunana, duk na gyara. Yallaɓai, na karɓi lambar sakataren reshe daga wani abokin aiki, zan kira shi bayan magariba, kuma idan Allah ya kai mu makon likitoci a watan Oktoba zan zo Birnin Kebbi in gaishe ku. Saura makin CPD, wanda da na ƙirga takardun da ke hannuna na tarar ban kai rabi ba. Idan akwai wanda ya san wani taro da za a yi a Sakkwato ko Birnin Kebbi kafin Disamba, don Allah ya sanar da ni.