Waɗanda yaransu suka samu kumburin zuciya bayan ciwon makogwaro, ku zo mu ji

Wata uwa, Zariya:
Salam 'yan uwa. Yarona ɗan shekara 9 ya yi ciwon makogwaro ya warke abinsa, bayan 'yan makonni sai ga zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, yau gwiwa gobe idon sawu, ga haki ko tsakar gida ya zaga sai ya nemi wurin zama. An yi masa eko, wato hoton zuciya, likita ta ce zuciyar ce ta kumbura. Dan Allah wa ya taɓa ganin irin wannan, wlh ko barci ba na iya yi.

Wani uba, Maraɗi:
Hajiya Allah ya ba shi lafiya. Haka 'yata ta yi, har gwajin sikila sai da aka yi mata saboda ciwon ƙashin. Da aka ɗebi jini aka duba ASO (alamar kamuwa da ƙwayar cutar makogwaro) da ESR da CRP (alamun kumburi a jiki) duk sun hau. Bayanin da likita ya min shi ne ba ƙwayar cutar ce ta shiga zuciya ba, garkuwar jikin yarinyar ce ta tashi yaƙar sitireptokokas, wato ƙwayar cutar da ta kawo ciwon makogwaron, to jikin ƙwayar ya yi kama da naman zuciya shi ne ta haɗa ta far wa ƙofofin zuciyar, an fi samun ta ɓangaren hagu da ake kira mitiral. Zazzaɓin rumatik suke ce masa.

Wata uwa, Katsina:
Ni tawa hannunta ne ya dinga fizga, ko cokali ba ta iya riƙewa, rubutunta a makaranta ya lalace, dangi kowa na cewa iska ce a kai ta ruƙiyya. Ashe ciwon ɗaya ne ya taɓa ƙwaƙwalwa. Kuma kakarta ta so a kira wanzami a cire beli tun lokacin makogwaron, babanta ya hana.

Wani matashi, Kano:
Umma ki riƙe allurar benzatin fenisilin da ake yi don hana ciwon dawowa da kyau, duk sati 4, wasu ma sati 3. Tana da zafi gaskiya. Ƙanena da ya ji sauƙi ya daina zuwa, ciwon ya dawo, yanzu ƙofar zuciyar yoyo take har ana maganar tiyata, kuɗin kuma ba na talaka ba ne. Duk dawowar da ciwon ya yi ƙara ɓata ƙofar yake.

Wata nas:
Yara 'yan shekara 5 zuwa 15 aka fi kawo mana. Abin da ke min ciwo, fenisilin na kwana 10 ko allura ɗaya tun ana makogwaron yakan tare duk wannan wahalar. Asfirin da firednisolon da kuka ga ana bayarwa don kwantar da kumburin ne, likita ke auna su, kar a saya a kemis.

Uwar ta Zariya:
Na gode sosai Allah ya bar zumunci. An ce allurar za ta kai shekara 10 ko fiye. Anti nas, akwai dabarar rage masa zafinta? Don tun ta farko yake cewa shi ba zai koma ba.