Neman kalma: me za mu kira maikurofilastik da Hausa?

'Yar Bolari: Salamu alaikum jama'a, don Allah a taimaka da gaggawa, gobe da safe zan gabatar da shirin lafiya a rediyo nan Gombe kan maikurofilastik, wato 'yan mitsi-mitsin roba da ba su kai milimita 5 ba da ake samu cikin ruwan gora. A 2018 masu bincike a Fredonia ta Amurka sun duba gora 259 daga ƙasashe 9 har da Kenya, kashi 93 cikin 100 akwai su a ciki. In na yi ta maimaita kalmar Bature tsohuwa a Kumo ba abin da za ta ɗauka.

Ɗan Azare: Ɓurɓushin roba mana, Hajiya. Kowa zai gane.

Malamin Kimiyya: Ɓurɓushi ido na ganinsa, wannan kuwa yawanci sai da madubin likita. Kuma ki sani akwai waɗanda suka fi su ƙanƙanta, jami'ar Kolombiya da ke Amurka ta samu kusan 240,000 a lita ɗaya ta ruwan gora a 2024, kashi 90 cikin 100 nanofilastik ne. Ni sai in ce ƙurar roba.

Baban Wunti: Duk kun kauce. Roba ai ba Hausa ba ce, aro ce daga Turanci, kuma can ma abin da ake yin taya da shi take nufi. Muna da danƙo. A ce zarrar danƙo, zarra ai ita ce ƙwaya mafi ƙanƙanta, na daɗe ina faɗa.

Ɗan Azare: Ranka ya daɗe Baba, zarra fa Larabci ce. Kuma in aka ce danƙo yara za su ɗauka na harbin tsuntsu ne.

Baban Wunti: Larabci ya shekara ɗaruruwa cikin harshenmu, kar ka haɗa su. Wannan sakacin ne ya sa kullum sai mun jira Kano ta raɗa mana kalma, alhali Bauchi ma muna da masana.

Ɗan Azare: Ba wanda ya kawo Kano nan Baba, kasuwar Wunti za ka je ka ce a ba ka bokitin danƙo ka ga.

'Yar Bolari: Don girman Allah a dawo kan magana. Ina da kashi na biyu kan doka, jihar Kaliforniya ta Amurka ta fitar da ma'anar maikurofilastik a ruwan sha tun 2020, Tarayyar Turai ta taƙaita zuba su cikin kayayyaki da gangan a 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma a 2019 ta ce ana buƙatar ƙarin bincike kan illarsu. Mu nan lambar NAFDAC kawai muke dubawa mu sha, ina son mai sauraro ya san abin da zai tambaya, amma sai abin na da suna tukuna.

Malamin Kimiyya: To ki ce ɓurɓushin roba da ido ba ya gani a farko, sannan ki ci gaba da ɓurɓushin roba. Ki ambaci murfin gorar ma, a binciken 2018 irin robar murfi ce ta fi yawa.

'Yar Bolari: Na ɗauka Malam, na gode. Nanofilastik ɗin fa?

Baban Wunti: Wannan dai ku bar min zarra. Ban yarda da roba ba har yanzu, amma ki yi shirinki 'yata.

Ɗan Azare: Zarrar roba ke nan?

Baban Wunti: Danƙo na ce.